Zaman Yaron Shago da Ranar Sallama

A Babban Giji da Gyadi-Gyadi, da wuya ka shiga layin da babu gidan da ya danƙa ɗansa hannun wani maigida, ko a garejin makanikai, ko wurin masu walda a gefen titin Zariya, ko rumfar gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke nan Tarauni. Uba ya kai yaro, ya ce ga amana, ya juya. Daga ranar shara tasa ce, aike nasa ne, faɗan kwastoma ma shi zai sha, ladansa kuwa kuɗin abinci. In ya kawo ƙara gida, amsa ɗaya ce: bayan wuya sai daɗi.

Akwai labarin da ke tafiya tare da wannan al'ada, kuma gwarzonsa a Kano shi ne Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, ya rasa mahaifi yana ƙarami, ya yi almajirci, ya ga Basasar Kano, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja. A 1929 kuwa, da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗinsa na azurfa. Masu ba da labarin sukan tsallaka daga maraici zuwa raƙuman, kamar wahalar ce da kanta ta haifi dukiyar. A nan nake jayayya da su. Ɗantata ɗan Agalawa ne, fatake masu hanya da masauki da mutanen da za su ba ka kaya bashi don sun san gidanku. Ga jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, ga kamfanonin Turawa suna neman wanda zai saya musu gyaɗa. Marayu nawa ne suka sha irin wuyarsa a zamanin, babu mai tuna sunansu?

Abin da ya ba zaman yaron shago daraja tun asali shi ne yana da ƙarshe. Maigidan kirki yakan yaye yaronsa, ya ba shi jari ko kayan aiki, ya gabatar da shi ga manyan diloli, wani har ya yi masa aure. A cikin shekarun zaman ne ake gwada amanar yaron, shi kuma yana koyon abin da ba a faɗa da baki: wa za a ba bashi, yaushe za a rage farashi.

Wannan ƙarshen ne yake ɓacewa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Kuɗin hayar shago ya hau, shi kansa maigidan jarinsa ya karye, sai ka ga magidanci mai 'ya'ya ana ce masa yaro har yanzu. 'Yan kasuwar Ibo na Sabon Gari sukan yanka shekarun bauta tun ranar farko, a gaban dangi. Mu kuwa mun bar maganar a hannun kunya. Yaron ba zai iya kallon maigidansa ya ce, "Alhaji, yaushe za a sallame ni?" ba, uban da ya kawo shi ma yana ganin tambayar tamkar zargi ce ga wanda ya ba amana.