Damben Gargajiya a Ƙasar Sakkwato: Asalinsa, Tsarinsa da Matsayinsa a Cikin Al'umma

Dambe wasa ne na gwada ƙwanji tsakanin mutum biyu, inda kowannensu yake naɗe hannunsa mafi ƙarfi da ƙyalle, ya bi shi da zare ya ɗaure tamau domin kai naushi, ya kuma bar ɗaya hannun a buɗe yana kare kansa da shi, har ɗayansu ya kai abokin karawarsa ƙasa. A ƙasar Sakkwato, wadda a ma'anarta ta dā ta haɗa da Kabi da Zamfara kafin a ba su jihohinsu a 1991 da 1996, dambe ya daɗe yana zaman rumbun da talakawa suke ajiye tarihin jarumansu, sai dai kusan duk abin da ke cikin rumbun a baka yake, ba a rubuce ba, kuma wannan shi ne ƙarfin wasan, shi ne kuma rauninsa.

Asalinsa

Masana al'adun Hausawa suna danganta asalin dambe da mahauta, waɗanda a Sakkwato ake kira rundawa, wato masu sana'ar fawa da suka gada kaka da kakanni a ƙarƙashin Sarkin Fawa. Akwai shaida rubutacciya da ke ƙarfafa wannan ra'ayi, domin Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya iso Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bayyana a labarin tafiyarsa cewa kafin isowarsa ya biya wuri 2,000 a Kano domin a yi masa dambe ya gani, kuma 'yan damben sun zo ne da makaɗa da taron mahautan gari a bayansu. Wata shaidar ita ce kalangu, wanda tun asali shi ne kiɗan mahauta a kasuwa, kuma har yau shi ne kiɗan da ke tsuma ɗan dambe a fage.

Lokacin dambe a dā shi ne kaka, sa'ad da aka kawar da amfanin gona, aljihu ya yi nauyi, bukukuwan aure suka yawaita, yankan dabbobi ya ƙaru, sai samarin rundawa su riƙa bin kasuwannin ƙauyuka suna fawa da rana, da yamma kuma su kafa fage su ƙalubalanci samarin garin da suka sauka. Tun da yake tsarin zaman Hausawa na gargajiya bai ɗora mahauta a sahun gaba ba, dambe ya zame musu hanyar samun suna da kwarjini, abin da sarauta ko malanta ko dukiya suke bai wa wasu. Wannan ƙarancin matsayi ya fi fitowa fili a birnin Sakkwato, wanda aka kafa a 1809 ya zama cibiyar daula da ilimi, kuma malamansa suka soki kaɗe-kaɗen wasa da cuɗanyar maza da mata da dogaro ga tsafi. Saboda haka dambe bai samu gurbi a fada ko a zauren malamai ba, sai ya yi kaka-gida a bakin kasuwa da ƙauyuka, inda ya rayu a hannun manoma da masu sana'a.

Tsarinsa

Ana raba kowace karawa zuwa turmi uku, turmi kuwa shi ne zagaye guda na wasa, wanda yake ƙarewa idan an yi kisa ko alƙalin wasa ya raba 'yan damben. Kisa a bakin 'yan dambe shi ne a buge mutum ya faɗi, ko gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, kuma idan aka cinye turmi ukun ba wanda ya faɗi, sai a ce an tashi babu kisa. Kafin a gwabza, ɗan dambe yakan je gaban makaɗa a kaɗa masa takensa, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya ɗaga hannun da ya ɗaure sama ya yi kirari, yana ambaton ubangidansa da mazajen da ya kashe, sannan ya dawo tsakiyar fage ya ɗan rusuna, ya miƙa buɗaɗɗen hannunsa gaba yana auna tazara, ya janye ɗaurarren baya yana jiran kafa. Mai kallon da bai saba ba yakan ɗauka ɓata lokaci ake yi, alhali a cikin wannan dako ne ake gane gwani, domin sau da yawa naushi guda ne yake raba gardama.

'Yan dambe sun kasu ɓangarori uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kuma galibi yaro yana bin ɓangaren ubangidan da ya rene shi ne. Sunayen fage ma suna nuna wannan dangantaka, ta yadda za a ji Shagon wane ko Autan wane ko Bahagon wane, wato mai dambe da hannun hagu, kowane suna yana jingine da na magabaci, har ya zama salsala irin ta masu koyon sana'a. Haka nan asiri yana da babban wuri a wasan, daga layu da kambu da guru zuwa tsaga hannu a shafa magani, kuma a nan ne sukar malamai ta fi tsananta.

Makaɗa da Sauye-sauyen Zamani

Ba a iya raba tarihin damben Sakkwato da Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin da ya ɗaukaka sunan 'yan dambe irin su Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware, har labarinsu ya kai inda ƙafarsu ba ta taka ba, musamman bayan da gidajen rediyo da kaset suka yaɗa waƙoƙinsa. Tasirin ya kai ga sunan Shago ya koma laƙabin da 'yan damben baya suke ɗauka. Amma makaɗi ba marubucin tarihi ba ne, aikinsa zuga gwaninsa, saboda haka waƙa takan adana kisa ta manta da shekara, ta ambaci wanda ya yi nasara ta binne wanda ba shi da makaɗi.

A ƙarni na 20 dambe ya tashi daga wasan kaka ya koma sana'ar kullum, aka kafa gidajen dambe masu shinge da kuɗin shiga a birane irin su Kano da Kaduna da Legas da Abuja, aka shigo da gasar da ake sa babur ko mota, ya kuma samu gurbi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafa farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Yanzu kuma ana ɗora karawa a YouTube da Facebook, dubban mutane na kallo daga ƙasashen waje, amma ɗan damben da ya karye a haƙarƙari ko ya samu rauni a ka yakan koma gida ya yi jinyar kansa.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Wasan besbol na Amurka, wanda ake buga ƙwallo da sanda a zagaya tashoshi huɗu, shi ma wasan gama-gari ne a farkonsa, sai wata ƙungiya a New York ta rubuta masa dokoki a 1845, aka kafa ƙungiyar ƙwararru ta farko a Cincinnati a 1869, aka soma babbar gasar ƙasa a 1876, aka kuma buɗe gidan tarihinsa a Cooperstown a 1939. Saboda ana rubuta sakamakon kowane wasa, Amurkawa suna karanta tarihin ƙasarsu a cikinsa, har da shigar Jackie Robinson ƙungiyar Brooklyn Dodgers a 1947, wadda ta karya shingen da ya hana baƙar fata shiga manyan ƙungiyoyi. A maƙwabciya Jamhuriyar Nijar ma, gasar kokawa ta cin takobi da aka fara a Tahoua a 1975 ta mayar da wasan ƙauye abin da ƙasa baki ɗaya take taruwa a kai, kuma an san wanda ya ci takobin kowace gasa da jihar da ya fito.

Kammalawa

Dambe bai gaza waɗannan wasanni a tsufa ko farin jini ba, abin da ya rasa shi ne rubutu da kulawa. Ya wajaba Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda ta daɗe tana nazarin adabin baka, ta haɗa hannu da hukumomin wasanni da al'adu na jihar Sakkwato a tattara bayanan tsofaffin 'yan dambe da makaɗa tun suna raye, a adana kasakasan dā, a kuma wajabta wa kowane gidan dambe ajiye littafin sakamako da tanadar ma'aikacin lafiya a bakin fage. Idan ba a yi haka ba, jaruman yau za su shuɗe kamar yadda da yawa daga na jiya suka shuɗe, ba a san garinsu ba balle shekarar da suka yi tashe.