Tsokaci a Kan Fassarar Sifofin Ingilishi Masu Nuna Yiwuwar Hamayya

1.0 Gabatarwa

Wannan ƴar takarda tsokaci ce a kan wani kuskure da nake yawan cin karo da shi a aikin fassara na ɗalibai. Ingilishi yana da sifofi da dama da ake sanyawa gaban kalmar "opponent" don a nuna cewa karawar ba ta riga ta tabbata ba. Sau da yawa ɗalibi yakan tsallake sifar ya rubuta "abokin hamayya" kawai, ko kuma ya ba ta ma'anar da ba tata ba.

2.0 Matakan tabbas

Mu ɗauki misalin zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2008. A watan Maris John McCain ya samu adadin wakilan da yake bukata a jam'iyyarsa, amma sai a watan Satumba babban taro ya tabbatar da shi. A tsakanin nan jaridu suna kiran sa "presumptive nominee", wato wanda aka ɗauka shi ne ɗan takara, tabbatarwa kawai ta rage.

A ɗaya jam'iyyar kuwa, Hillary Clinton da Barack Obama sun yi ta fafatawa har watan Yuni. Kowannensu "potential opponent" ne ga McCain, wato wanda zai iya zama abokin karawarsa. Da Obama ya yi gaba a yawan wakilai, sai ya zama "likely opponent", wanda ake kyautata zaton shi za a kara da shi. Ke nan "likely" ta fi "potential" kusa da tabbas.

Ita "would-be" daban take, domin burin mutum take nunawa, kuma sau da yawa tana ɗauke da raini ko alamar cewa haƙarsa ba ta cimma ruwa ba. Saboda haka "would-be challenger" shi ne mai hanƙoron karawa, ko mai mafarkin karawa idan marubuci gatse yake yi.

3.0 Tarkon Faransanci

Babban tarko ga ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci shi ne kalmar "eventual". A Faransanci "adversaire éventuel" yana nufin wanda wataƙila a kara da shi. A Ingilishi kuwa "eventual opponent" shi ne wanda daga ƙarshe aka kara da shi. Kama da wane ba ta wane ba ce. Clinton ta tsaya a matsayin "potential", Obama ne ya zama "eventual". Wanda ya bi Faransanci a nan ya mayar da abin da ya tabbata ya koma zato.

4.0 Kammalawa

Hausa ba ta rasa hanyar bambance waɗannan matakai ba. Muna da "zai iya", "ake sa ran", "mai neman" da "daga ƙarshe". Nahawunmu ma ya raba "zai kara da shi" da "yâ kara da shi", inda na biyun ya bar ƙofar shakka a buɗe. Mai fassarar labarin zaɓe da ya jefar da sifar ya tsayar wa jam'iyya ɗan takara tun ba ta zaɓa ba, mai sauraro kuma ba shi da hanyar gane cewa ba haka asalin labarin ya ce ba. Don haka kafin ɗalibi ya rubuta "abokin hamayya", ya fara tambayar kansa: an kara, za a kara, ko kuwa zato ne kawai?