Sharhi a kan Wasiƙar Dijkstra Game da Umurnin Tsallake

A watan Maris na 1968 mujallar Communications of the ACM ta buga wata gajeriyar wasiƙa ta Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, wadda a cikinta ya soki umurnin go to da ke cikin harsunan kwamfuta. Aikin wannan umurni shi ne ya sa na'ura ta bar layin da take kai, ta tsallaka zuwa wani layi dabam na rubutun.

Ƙarfin wasiƙar yana ga hujjarta. Dijkstra ya lura cewa hankalin ɗan Adam ya fi saurin kama abin da ke shimfiɗe a takarda bisa ga abin da ke gudana cikin lokaci. Saboda haka wajibi ne jerin layukan da aka rubuta ya yi daidai da jerin ayyukan da na'ura za ta aiwatar. Idan tsallake ya yi yawa, mai karatu kan ɓace, kamar mai sauraren labarin da aka soma daga tsakiya. Tun a 1966 Böhm da Jacopini sun tabbatar cewa jerantawa da zaɓi da maimaitawa sun isa a gina kowane tsari.

Rauninta kuwa yana ga zafin hukuncin. Editan mujallar, Niklaus Wirth, shi ne ya raɗa mata kanun da ya kira umurnin abu mai cutarwa, mabiya kuma suka riƙe kanun suka bar hujjar. A 1974 Donald Knuth ya nuna cewa akwai wuraren da tsallake ya fi bayyana manufa, misali wajen ficewa daga aiki idan kuskure ya auku.

Har ila yau, na'ura ba ta taɓa rabuwa da tsallake ba. Harshen Java, wanda ya fito a 1995, ya hana marubuci amfani da kalmar goto, alhali kuwa injin kwaikwayonsa, watau manhajar da ke aiki tamkar kwamfuta a cikin kwamfuta, yana da umurni mai wannan suna.

Wannan ya nuna cewa gardamar ta salo ce, kuma domin mai karatu aka yi ta. Malamin da ya koyar da hanin ba tare da dalilinsa ba ya tauye ɗalibansa, domin rubutu kan iya rikicewa ko da babu tsallake ɗaya a cikinsa.