Sharhi A Kan Littafin Tarihin Kano: Barbushe Da Alƙalamin Malami

Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci yakan ɗauka duk abin da aka buga a takarda gaskiya ne tsantsa. Amma littafi ɗan'adam ne ya rubuta shi, kuma kowane marubuci yana da inda ya tsaya yana hange. Littafin Tarihin Kano ya isa misali.

Da Larabci aka rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na 19, gama ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello. Wani Bature, H. R. Palmer, ya juya shi da Turanci a 1908, sa'an nan aka buga shi da Hausa a 1933 cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi na biyu. Tsawon mulkin kowane sarki marubucin ya bayar. Shekarun da ake ambata yau, kamar 999 ta zuwan Bagauda, lissafi ne da aka yi daga baya ta ƙidaya da baya-baya. Saboda haka kirdado ne, ba yankan shakku ba.

Farkon littafin ya fi ko'ina daɗi. Nan aka kawo Barbushe, daga zuriyar Dala, mai tsafin Tsumburbura, da itaciyar da ake kira Shamus wadda aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Mutane kan taru a gindin dutsen Dala da baƙin kare da baƙin bunsuru da baƙar kaza, ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai auku cikin shekara. To, amma littafin ya ce ba ya saukowa daga dutsen sai a ranakun Idi biyu. Ina Idi a garin da ba a san salla ba tukuna? Nan sawun marubucin ya fito fili. Malami ne Musulmi, ya auna bikin mutanen dā da ma'aunin da ya sani. Masu bautar Tsumburbura ba su bar rubutu ba. Abin da aka sani game da su duka, daga bakin jikokin waɗanda suka rinjaye su ya fito.

Ba Kano kaɗai wannan ya sama ba. A yammacin Turai akwai wata tsohuwar al'umma, Keltawa, waɗanda zuriyarsu ke tsibirin Ayalan da maƙwabtansa. Bokayensu da ake kira Duruwid da ka suke riƙe iliminsu, ba su yarda a rubuta shi ba. Addinin Kirista ya kafu a Ayalan cikin ƙarni na 5, zamanin wani mai wa'azi, Patirik, kuma malaman sabon addinin ne suka rubuta labarun tsohon. Cikin wani littafi da suka haɗa a ƙarni na 11, sun kai salsalar mutanen Ayalan har ga Annabi Nuhu, suka mai da gumakan kakanninsu wasu mutane da suka taɓa mulkin ƙasar. A garin Kildare, wanda ma'anar sunansa ɗakin ibada na gindin itacen oak, an girmama wata waliyiya mai suna Birijid, alhali kuwa sunan wata abar bauta ce tasu ta dā. Ga alama sabon addini a ko'ina kan gindin tsohon yake kafa harsashinsa.

Haka littafin ya nuna a Kano. Ya ce zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa kamar arba'in suka zo daga Mali, shugabansu Abdurrahman Zaite, aka gina masallaci a gindin itaciyar tsafin. Masu tsafi suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi, har aka yi addu'a suka makance. Nan ma sai a yi hattara. Wani littafi da ya girmi wannan, Asalin Wangarawa, wanda aka rubuta wajen 1650, ya ce zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Zaite ya iso Kano. Tsakanin maganganun nan biyu akwai wajen shekara ɗari. Mai hankali ba ya riƙe ɗaya ya jefar da ɗaya don son rai. Sai ya ajiye su gefe da gefe, ya lura da wanda ya fi kusa da zamanin.

Inda littafin ya cancanci yabo shi ne bai ɓoye aibin sarakuna ba. Da marubucin ya so, da sai ya ce daga Yaji magana ta ƙare. Maimakon haka ya faɗi yadda Kanajeji ɗan Yaji, da Zazzau ta gagare shi, ya koma ga Sarkin Tsibiri ya bi abin da ya umurce shi. Ya faɗi yadda sai zamanin Rumfa da zuwan Shehu Magili aka sare itaciyar. Ya kuma kawo labarin Dirki, abin da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka shekara da shekaru. Sarki Alwali, 1781 zuwa 1807, ya sa aka fasa shi da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. Babu labarin da ya fi wannan bayyana yadda abubuwan biyu suka cuɗanya: Littafin Allah ne a ciki, al'adar tsafi ce a waje. Watau daga Yaji zuwa jihadi, fiye da shekara 400 ana jan igiya.

Babban gibinsa kuwa, littafin fada ne. Idonsa na kan sarki da galadima da madawaki. Wanda ke son ya san yadda salla ta shiga gidan manomi a bayan ganuwa, wajen da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suke yanzu, ko yadda matan gida suka riƙe bori a ɗaka maza na masallaci, kaɗan zai samu. Wannan labari yana bakin tsofaffin unguwa, kuma kowace shekara raguwa suke yi.

Saboda haka ya kamata Bakano ya karanta littafin nan, amma da ido biyu. A kowane shafi ya tambayi kansa wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake so a yarda da shi. In ya gama, Dala na nan, Jakara na nan, kasuwar Kurmi da Rumfa ya kafa na nan, ya je ya gani. Wanda kuma ya iya alƙalami, ya zauna gaban dattawan unguwarsu ya rubuta abin da suka ji daga kakanninsu, da kalmominsu, kada ya gyara musu. Allah ya ƙara wa masu karatu basira.