Dogaran Kotun da Suka Raka Yara Makaranta

Hukuncin alƙali takarda ne kawai idan babu mai tsayawa a kansa. A jihohin kudancin ƙasar Amurka, waɗanda suka tsaya su ne dogaran kotunan tarayya, da ake kira Mashal.

Ranar 14 ga Nuwamba, 1960, a ƙarshen mulkin Shugaba Eisenhower, huɗu daga cikinsu suka sa Ruby Bridges a tsakiya, yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, suka shiga da ita firamaren William Frantz a New Orleans bisa hukuncin kotu. Sanye suke da kwat, da ƙyalle ɗaure a dantse. Taron fararen fata na ta zagi da barazana, su kuwa ko waiwaye babu. Washegari suka dawo, haka kullum har watanni.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ranar 30 ga Satumba, 1962, a Jami'ar Mississippi, inda Gwamna Ross Barnett ya yi kememe ya hana James Meredith, ɗalibi baƙar fata, rajista. Gwamnatin Shugaba Kennedy ta tura dogaran ƙarƙashin James McShane. Dare guda ana jifan su da bulo da kwalabe, ana harbin su da bindiga. An umarce su kada su rama da harsashi, sai suka dogara da barkonon tsohuwa. Wannan haƙuri ya cancanci jinjina, domin fiye da 100 daga cikinsu sun jikkata, mutum 2 kuma suka rasu a tarzomar kafin sojoji su shawo kanta.

Da gari ya waye Meredith ya yi rajista. Dogaran suka ci gaba da gadinsa har ya kammala digiri a Agustan 1963.