Tarken Manhajar Scratch a Matsayin Kayan Aikin Koyarwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tarken ɗaya daga cikin kayayyakin koyarwa da ake samu a intanet, watau manhajar kwamfuta mai suna Scratch. Za a duba abin da ta tanadar wa yaro da inda ta gaza, domin a nuna cewa amfaninta ya rataya ne a wuyan malamin da ke tsaye a aji.

2.0 Asalinta da Tsarinta

An fito da Scratch a shekarar 1907 ta Miladiyya da ɗari a kai, watau 2007, daga jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Tushenta kuwa ra'ayin Seymour Papert ne, wanda ya sa hannu wajen ƙirƙiro harshen kwamfuta na Logo a 1967. A ganin Papert, yaro ya fi koyo idan yana ƙera wani abu da kansa wanda zai iya nuna wa jama'a.

A cikin Scratch yaro ba ya rubuta umurni. Yana jawo wasu tubala ne masu launi-launi, yana ɗora wannan a kan wancan, sai wata 'yar kyanwa da ke kan allon kwamfuta ta bi umurnin: ta yi tafiya, ta juya, ta yi magana. Tubalin da bai dace da ɗan'uwansa ba ba ya maƙalewa. Da haka yaro kan shirya labari mai motsi, ko wasa, ko zane. Kyauta ake samunta, kuma akwai wadda ake saukewa a yi aiki da ita ba tare da intanet ba.

3.0 Nagartarta

Babbar nagartar Scratch ita ce yadda take mayar da kuskure abin gani da ido. Alal misali, yaron da ke son zana murabba'i zai umurci kyanwa ta yi gaba, ta juya digiri 90, ta maimaita haka sau 4. Idan aka ce ya zana alwatika mai daidaitattun ɓangarori, galibi zai sa digiri 60, domin abin da ya haddace ke nan. Sai ya ga zanen bai rufe ba. In ya yi ta gwaji zai gano cewa 120 ake bukata, saboda jimlar juyin kyanwa dole ta cika 360. Wannan ilmi da ya samo da guminsa da wuya ya manta da shi. Kazalika, faɗin filin wasan ya tashi daga -240 zuwa 240, don haka yaro kan haɗu da lambobin da ke ƙasa da sifiri tun kafin a kai gare su a darasin lissafi.

4.0 Gazawarta

Gazawa ta farko ta shafi damar da aka bayar ta ɗaukar aikin wani a yi masa kwaskwarima. Duk aikin da aka baje a dandalin Scratch, kowa na iya buɗe cikinsa ya kwafa, manhajar kuma ta ambaci mai aikin na asali. Niyyar mai kyau ce, domin da koyi ake iyawa. Amma yaro na iya ɗauko wasan wani, ya sauya launin kyanwa kawai, ya miƙa wa malami. Aikin zai yi kyau, zai kuma yi motsi, alhali yaron bai san abin da tubali ko guda yake yi ba.

Ta biyu, manhajar ba ta auna fahimta. Tana nuna cewa aiki ya yi ko bai yi ba, amma ba ta tambayar yaro dalili. Mai haɗa tubala da ka, har sa'a ta zo masa, da wanda ya yi tunani, duk sakamako ɗaya suke samu.

Ta uku, tsarin ya ɗauka cewa yaro na da isasshen lokacin gwaji da na'urar da zai riƙe. A ajin da yara goma ke kewaye da kwamfuta ɗaya na minti 35, mutum guda ne ke ƙira, sauran 'yan kallo ne. A irin wannan hali malami kan koma ga abin da ya saba: ya rubuta jerin tubala a allo, yara su kwafa. Nan take an mayar da kayan ƙira kayan hadda.

Kada kuma a zaci yawan na'urori kaɗai zai warware matsalar. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ƙarin ƙwazo a jarrabawar lissafi da ta harshe ba.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, Scratch tamkar maƙera ce: akwai zuga-zugi da uwar maƙera, amma sai da maƙeri ake fitar da fartanya. Nauyin yana kanmu, mu malaman kwalejojin ilmi. Bai isa mu koya wa ɗalibanmu jan tubala ba. Wajibi ne mu horar da su a kan abubuwa uku: sa yaro ya faɗi abin da zai faru kafin ya taɓa na'ura, ba shi aiki mai kuskure ya gyara, da ba da maki a kan bayanin da ya yi da bakinsa maimakon kyan abin da ya bayyana a allo. Malamin da bai iya waɗannan ba, ko an cika masa aji da kwamfutoci, haddar jiya zai ci gaba da koyarwa.