Gwanin da ke tsara darasi ya bar ɗalibi da wayarsa

Daga Godogodo zuwa Gidan Waya, inda Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna take, ba nisa. Kafanchan ma ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna. Duk da haka ba kowane mai son digiri ne ke samun sukunin zama a aji ba. Malamar firamare tana da yaranta, ma'aikacin jinya yana da aikin dare, manomi kuwa damina ba ta jiransa. Irinsu ne suka fi cin moriyar Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, da Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Akwai kuwa wani gwani a bayan fage da ba a cika yaba masa ba: mai tsara darasin da ɗalibi zai bi shi kaɗai ta intanet, lokacin da ya ga dama.

Kada a ɗauka aikin nan ɗora littafi ne a shafi, ko ɗaukar malami a bidiyo yana ta surutu na awa guda. Wannan kowa ma zai iya, an kuma sha ganinsa lokacin kullen korona a 2020. Gwani yakan fara da tambayar kansa: me ɗalibi zai iya yi da kansa in ya gama? Daga nan sai ya daddatsa darasin gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa 'yan mintuna, kuma ba ya barin mutum ya wuce sai ya taɓa wani abu.

A ce darasi ne na ɗaliban aikin gona kan cutar citta, irin wadda ta yi wa manoman kudancin Kaduna mummunar ɓarna a 2023. Hoton gona zai fito, ganye ya yi ruwan ɗorawa, a ƙasa an ce: me kake zargi? Ɗalibi ya danna "ƙarancin taki". Rago zai sa na'ura ta ce masa bai ci ba, shi ke nan. Gwani kuwa ya riga ya san yawancin ɗalibai a nan za su faɗa, saboda haka ya tanadi amsa: hasashenka ba laifi, amma tona gindin ka gani. Sai hoto na biyu ya buɗe, ga saiwa ta ruɓe ta yi laushi. A sake tambayarsa. A wurin nan ƙwarewar take, a ganina. Malamin aji yana karanta fuskar ɗalibi ya gane ya rikice. Mai tsara darasin intanet ba shi da fuskar da zai karanta, dole ya hango kowane kuskure tun watanni kafin a yi shi, ya ajiye masa magani.

Sai batun waya. Ɗalibin Godogodo galibi ba kwamfuta gare shi ba, data da tsada, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, caji ma wani lokaci sai an kai shago. Don haka gwani kan rage nauyin hotuna, ya sa sauti inda bidiyo ba dole ba ne, ya rubuta abin da aka faɗa a ƙasa, ya tabbata darasi zai ci gaba daga inda aka tsaya. Manhajar Moodle, wadda jami'o'i da dama ke aiki da ita, tana ba da damar sauke darasi a karanta ba intanet. Ba abin mamaki ba ne: wanda ya ƙirƙiro ta a 2002, Martin Dougiamas, ya tashi ne a hamadar Ostireliya, ta rediyo ya yi karatun farko.

Yankin nan ba baƙo ba ne ga harkar. Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan, da aka kafa a 1996, ta daɗe tana koyar da kwamfuta, ta kuma shimfiɗa intanet mara waya tun wayar zamani ba ta yawaita ba. Abin da ya rage shi ne manyan makarantunmu su horar da malamansu wannan sana'a, su kuma riƙa lissafa ta cikin aikin da ake yi wa malami ƙarin girma a kansa.